Shekara Shida Ina Duba Masu Hawan Jinin Ido, Har Yau Ina Kan Muƙami Ɗaya

Ranki ya daɗe Mama Farfesa,

Ni likitar ido ce, kuma malama a sashen ido na wata jami'a. Bayan na gama horon ƙwarewa na ƙara shekara guda ina koyon gulakoma, wato hawan jinin ido, don a lokacin gani nake babu inda aka fi buƙatata kamar nan. Yau shekara shida ke nan ina kan muƙamin da aka ɗauke ni. Sau biyu ina neman ƙarin girma, sau biyu ana dawo mini da takarduna a ce maƙaloli ba su isa ba. Biyar gare ni, uku daga ciki sunana a tsakiya yake. Wadda na fi shan wuya a kanta, ni na tara bayanai, ni na rubuta, amma da ta fito sunan shugaban sashe ne a gaba.

Abokan karatuna da suka riƙe aikin yanar ido duk sun wuce ni. Su yau za su yi wa mutum aiki, gobe a cire bandeji ya gani, ya yi ta sa musu albarka. Ni kuwa mutum zai zo mini ido ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan saura ƙiris. In yi masa tiyata, ya dawo ya ce, "Likita, ai ban ga wani canji ba," daga nan ba zan ƙara sa shi a ido ba. Ranar ganin marasa lafiya nakan duba mutum hamsin ko fiye, in koma gida ko kwamfuta ba na iya buɗewa, ga yara. Wata abokiyar aiki ta nuna mini mujallun da ake biya su buga maƙala cikin mako biyu, ta ce kowa haka yake yi. Ga kuma wani asibitin kuɗi yana nemana da albashin da ya ninka nawa. In bar jami'ar ne? Ko tun farko kuskure na yi da na zaɓi wannan fanni?

Likita mai neman mafita

'Yata Likita,

Na karanta wasiƙarki da rana, na ajiye, na sake ɗauka da dare. Tambaya biyu kika rufe da su, bari in amsa tun kafin in yi nisa. Ba ki yi kuskuren zaɓen fanni ba. Jami'a kuma kada ki bar ta bana, ko da za ki bar ta daga baya. Sai dai akwai kuskure guda a cikin wasiƙar wanda ke ba ki lissafa ba. Kin raba aikinki gida biyu: asibiti a nan yana cinye miki ƙarfi, bincike a can yana jira ki sami sarari. Sararin nan ba zai zo ba. Mutum hamsin da kike gani a rana su ne binciken, kuma kullum suna fita ta ƙofa ba ki rubuta a kansu wani abu da zai yi amfani nan da shekara uku ba.

Zan dawo kan wannan. Bari in fara da abin da ya fi ci miki rai, don na lura ba a kan ƙarin girma muryarki ta karye ba, a kan mutumin nan ne da ya ce bai ga canji ba.

Abin da zan faɗa ke kike koya wa ɗalibai, amma idan rai ya ɓaci mutum kan manta karatunsa. Jijiyar gani tana ɗauke da zare sama da miliyan ɗaya, kuma duk wanda ya mutu a ciki ya tafi ke nan, babu ɗigo, babu wuƙa, babu leza da za ta dawo da shi. Mai aikin yanar ido labule yake yayewa daga tagar da take lafiya lau. Ke katanga kike tokarewa kada ta ƙarasa faɗuwa, kuma ba wanda yake zuwa kallon katangar da ba ta faɗi ba. Idan mutum ya zo miki da ɗan ragowar gani, bayan shekara biyar ya ce bai ga canji ba, to kin ci nasara cikakkiya, shi ne bai sani ba.

Ki tuna binciken da Anders Heijl da abokan aikinsa suka yi a Suwidin. Mutum 255 ne da aka gano cutar tana farkonta, aka raba su biyu, aka yi wa rabi magani, rabi aka bar su ana sa musu ido. Da sakamako ya fito a 2002, cutar ta ci gaba a kashi 62 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba, da kashi 45 na waɗanda aka yi wa. Ki tsaya kan lamba ta biyun. Mutanen da aka kama cutarsu da wuri, a ƙasa mai kayan aiki, ana ganinsu kowane wata uku, amma kusan rabinsu cutar ba ta tsaya cak ba. Ke naki sai ido ɗaya ya tafi suke zuwa. Wannan binciken kuma shi ya nuna cewa kowane maki ɗaya da aka rage daga matsin ido yana rage haɗarin ci gaban cutar da kusan kashi 10 cikin 100. A nan ladanki yake, a cikin makin da ba wanda yake gani sai ke da na'urar Goldmann mai auna matsin ido.

Wani abu a gefe, tunda ya zo. Sunan nan da muke kiran cutar da shi, hawan jinin ido, ya daɗe yana damuna. Ba jini ba ne yake hawa, ruwan cikin ido ne ya rasa hanyar fita yadda ya kamata, kuma akwai waɗanda matsin idonsu bai taɓa wuce maki 21, iyakar da ake ɗauka lafiya, ba amma jijiyar tana lalacewa. Na sha ganin wanda ya auna hawan jininsa a hannu ya ga daidai, ya ajiye maganin ɗigawa, ya ce ya warke. Wani kuma yana jin an ce tiyata sai ya zaci irin ta yanar ido ce da aka yi wa maƙwabcinsa, ya shiga ɗakin aiki da sa ran zai fito yana karanta jarida. Mutumin naki da ya ɓace, mai yiwuwa tun kafin ki ɗauki wuƙa kuka rabu, shi yana jiran gani, ke kina nufin tsare abin da ya rage. Me aka faɗa masa kafin aiki, da wane lafazi, wa ya faɗa? Kin ga tun ba mu je ko'ina ba ga tambayar bincike guda a hannunki.

Yanzu ga maganar da na ce zan dawo kanta.

Manyan binciken da muke kafa hujja da su a wannan fanni, yawancinsu a Turai da Amurka aka yi su, a kan mutanen da cutar ba ta yi nisa ba. Alhali tun 1991 binciken da aka yi a birnin Baltimore na Amurka ya nuna cutar ta fi yawa a tsakanin baƙar fata ninki huɗu zuwa biyar a kan farar fata, kuma tana kama su da wuri fiye da farar fata. Ƙidayar makanta ta ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, wadda Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar da ɓangaren gulakoma daga cikinta, ta gano kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da cutar, ɗaya cikin biyar ɗinsu ya riga ya makance, kuma waɗanda suka san suna ɗauke da ita ba su kai 6 cikin 100 ba. An ƙiyasta a 2014 cewa masu cutar a duniya za su kai miliyan 111.8 nan da 2040, kuma Afirka da Asiya ne za su ɗauki mafi yawan ƙarin. Ma'ana, marasa lafiyar da ke sa ki kuka su ne waɗanda littattafai suka fi jahilta. Abin da kike gani kowace ranar asibiti har ya gundure ki, wani farfesa a Landan ba lallai ne ya riƙa ganin irinsa da yawa haka ba.

Ga misali da nake so ki riƙe. A 2019 aka buga binciken LiGHT na Birtaniya, mutum 718, wanda ya nuna cewa idan aka fara da lezar SLT, wato hasken da ake harbawa don ruwan ido ya sami hanyar fita, maimakon maganin ɗigawa, kusan uku cikin huɗu za su kai shekara uku ba su buƙaci ɗigo ba. Da kyau. Amma mai cutar da ta yi nisa fa, a inda ɗigon timolol ne kawai maganin da talaka ke iya samu? Heiko Philippin da abokan aikinsa a Moshi ta Tanzaniya suka ɗauki wannan tambayar, a asibiti guda, da mutum 201. Bayan shekara ɗaya leza ta yi nasara a kashi 61 cikin 100 na idanu, timolol a kashi 31. Mujallar Lancet Global Health ta buga a 2021. Ba su ƙirƙiro na'ura ba, ba su gano wani sabon magani ba. Tambayar da ta dace da marasa lafiyarsu suka yi, sannan suka bi mutanen har ƙarshe. Bin mutanen shi ne aikin.

Don haka abin da nake so ki fara, tun ranar asibiti mai zuwa, shi ne rajista. Takarda shafi ɗaya, iri ɗaya ga kowane mai gulakoma, wadda cika ta ba zai wuce minti biyu ba. Shekaru, jinsi, ko akwai mai cutar a dangi, ƙarfin gani, matsin ido da lokacin da aka auna, kaurin koniya, wato fatar gaban ido mai kama da gilashi, abin da kika gani a kusurwa, wato inda ruwan ido yake fita, yanayin kan jijiya, sakamakon gwajin faɗin gani, maganin da aka rubuta da wanda mutum yake ɗigawa a zahiri, don sau da yawa ba ɗaya ba ne. Sai lambar waya biyu, tasa da ta wani nasa. Kada ki raina awon da ya yi kama da ƙari. A binciken OHTS na Amurka, inda aka bi mutum 1,636 masu hauhawar matsin ido, awon kaurin koniya bayan an fara aikin aka shigo da shi, sai ga shi ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da aka gano: mai siririyar koniya ya fi shiga haɗari. Ki nemi amincewar kwamitin ɗa'a na asibitinku tun yanzu, da takardar yardar marasa lafiya, domin babu mujallar kirki da za ta karɓi bayanan da aka tara ba da su ba. Wani ya riƙa shigar da takardun a kwamfuta kowane mako, a ajiye kwafi a wuri biyu.

Na nanata lambar waya da kwafi ne saboda ni sun taɓa kayar da ni. Ina matashiyar malama na yi shekara huɗu ina tiyatar tirabekulektomi, wadda ake buɗe wa ruwan ido sabuwar hanyar fita, ina ganin hannuna ya faɗa, na ce bari in rubuta sakamako. Na je ɗakin ajiyar fayil, sai na tarar wasu an ɓatar, wasu ruwa ya ci, waɗanda suka rage kuma kowane likita da irin rubutunsa, wani ya sa matsin ido, wani bai sa ba. Adireshin mutum a rubuce "bayan kasuwa". Shekara huɗu na aiki, ban iya fitar da tebur guda ba. Laifin ba na masu ajiyar fayil ba ne kaɗai, ni ce na zaci zan tuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata gaskiya game da wannan fanni da ya kamata a gaya wa duk mai son zama malamin jami'a a cikinsa, kuma ba a cika faɗa ba. Gulakoma a hankali take tafiya, don haka bincikenta ma a hankali yake nuna. Kafin ki iya cewa ido yana lalacewa da sauri ko a'a, shawarar da masana suka bayar ita ce gwajin faɗin gani sau shida a shekara biyun farko. OHTS ta ɗauki shekara biyar kafin ta ce magani ya rage masu kamuwa daga kashi 9.5 zuwa 4.4 cikin 100, kuma an ci gaba da bin mutanen har shekara 20. Mai aikin yanar ido cikin wata uku ya ga sakamakonsa. Ba ki fi su lalaci ba, agogonku ne daban. Dabarar ita ce ki haɗa shuka biyu a gona ɗaya, mai saurin nuna da itace mai daɗewa. Rajistar ita ce itacen. A cikin shekarar farko kuma, daga ita wannan rajistar, za ki iya fitar da ƙananan maƙaloli na gaskiya: a wane mataki mutane suke zuwa, nawa ne ba su dawo ba bayan wata shida kuma me suka ce da aka buga musu waya, nawa ne suka iya sa ɗigo ya shiga ido idan aka miƙa musu kwalba aka ce su gwada, nawa ne matsinsu ya hau saboda ɗigon sitiroyid da suka saya da kansu don ƙaiƙayin ido. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan aikin kammala horo ne ga likita mai neman ƙwarewa a ƙarƙashinki. Shi ya sami abin rubutawa, ke kin sami hannu, kuma kula da aikin ɗalibi yana da maki a yawancin jami'o'i.

Kada ƙanƙantar adadi ta sa ki ji kunya. John Cairns na Kambirij a Ingila, da ya bayyana tirabekulektomi a 1968, marasa lafiyar da ya ba da rahotonsu ba su kai ashirin ba, kuma har yau da wannan tiyatar ake auna duk wata sabuwa. Abin da zai kashe maƙala shi ne a tara bayanai tukuna sannan a je neman mai ƙididdiga. Ki same shi tun kafin ki buga takardar rajista. Zai gaya miki, misali, cewa idanu biyu na mutum ɗaya ba a lissafa su kamar mutum biyu, kuskuren da masu tantancewa ke gani tun daga shafin farko.

Maganar lokaci gajeriya ce. Ki nemi rabin yini ɗaya a mako, a rubuce, a cikin jadawalin sashe, wanda ba asibiti, ba tiyata, ba taro. Kada ki dogara da dare. Uwa mai yara da ta duba mutum hamsin ba za ta rubuta komai da ƙarfe goma na dare ba, kuma ba laifinta ba ne. Sannan ki duba cikin hamsin ɗin nan, nawa ne lallai sai ke? Awon gani, awon matsi, gwajin faɗin gani, koya wa mutum ɗiga magani, duk nas ko mai auna tabarau da aka horar zai iya. Likitocin gulakoma muna da wata cuta ta rashin yarda da awon kowa sai namu.

Sai shugaban sashenku. Abin da ya yi bai dace ba, ba zan shafa masa mai ba. Ƙa'idar editocin mujallun likitanci ta duniya, ICMJE, sharaɗi huɗu ta gindaya kafin sunan mutum ya hau maƙala: ya sa hannu sosai a tsara aikin ko tara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta ko ya yi gyara mai ma'ana, ya amince da kwafin ƙarshe, kuma ya yarda a tuhume shi idan an sami matsala. Zama shugaba ba ya cikinsu. Amma waccan maƙalar ta riga ta fita, kuma shi ne zai sa hannu a takardar ƙarin girmanki. Kada ki tayar da ita. Gaba za ki tsare. Duk aikin da za ki fara, ki rubuta tsarinsa a shafi biyu, da sunayen marubuta a jere da abin da kowa zai yi, ki kai masa da ladabi ki ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da nake so in yi, ina neman ka zama babban mai duba mana." Sunan ƙarshe a maƙalar likitanci kujerar dattijo ce, kuma yawancin manya sun fi son ta idan aka miƙa musu tun farko. Ki tura kwafi ta imel don a sami kwanan wata. Idan bayan haka ya sake, to kin san ba mantuwa ba ce, kuma kina da abin nunawa.

Ki kuma nemi wani babba a wajen sashenku, ko a wata jami'a, ko wata ƙasa, mai aiki a kan gulakoma. Ki rubuta masa gajeriyar wasiƙa da tambaya ɗaya tak a kan wata maƙalarsa da kika karanta, tare da abin da kike gani a wajenki. Wanda ya ce "ina da mutum ɗari uku da nake bi shekara biyu" ba a ƙin amsa masa. Haɗin gwiwa, tallafin bincike, gurbin digiri na uku, duk ta wannan ƙofar suke shigowa, kuma duk suna tambayar abu ɗaya: me kike da shi a hannu?

Mujallun mako biyu kuwa, a'a. Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Tantance maƙala na gaskiya yana ɗaukar watanni, kuma masu tantancewa za su ɓata miki rai, su tambayi abin da kika so a ce ba su gani ba. Wadda ta karɓa cikin kwana goma ba wanda ya karanta. Abokiyarki ta ce kowa haka yake yi, kuma wataƙila a matakin da kuke ta wuce. Amma idan aka zo matakin farfesa, takardu waje ake turawa, ga mutanen da ba su san ki ba, kuma abin da suke fara dubawa shi ne sunayen mujallu. Maƙala goma a irin waɗancan za su jawo a yi zargin biyar ɗinki na ƙwarai. Ban da haka, a fanninmu ƙarya tana da tsada: wani zai karanta cewa wani magani ya yi aiki, ya jinkirta tiyata, ido ya tafi. Ki lura dai, biyan kuɗin bugawa shi kaɗai ba ya nuna mujalla ta bogi ce, don manyan mujallu da yawa da ake karantawa kyauta suna karɓa, kuma da dama sukan yafe wa marubuta daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi idan an roƙa. Ki duba ko tana cikin MEDLINE ko DOAJ, wato jerin mujallun da aka tantance, ki duba ko kin taɓa jin sunan ko da mutum ɗaya a cikin editocinta. Idan ita ce ta fara aiko miki da imel tana yabonki, ki goge.

Wani abu da ban gani a wasiƙarki ba: kin taɓa zama kin karanta kundin ƙa'idar ƙarin girma na jami'arku daga farko zuwa ƙarshe? Da yawa ba sa yi, ji suke a bakin mutane. Ki samo shi, ki ɗauki biro, ki lissafa makinki da kanki. Maki nawa marubucin farko yake samu, nawa na tsakiya, ana lissafa rahoton mara lafiya ɗaya, ana lissafa babi a littafi, koyarwa fa? "Ba su isa ba" ba amsa ba ce. Ki nemi a gaya miki saura nawa. Wataƙila tazarar maƙala uku ce da sunanki a gaba, wato aikin shekara biyu.

Saura asibitin kuɗi. Ba zan ce miki kuɗi ba komai ba ne, kina da yara. Kuma barin jami'a ba faɗuwa ba ce, na san likitoci da suka bari suka tsare idanun dubban mutane, ba su taɓa rubuta layi ɗaya ba. Abin da za ki auna shi ne wannan: idan kin tashi daga aiki, tambayar me ya sa wancan ya makance wannan bai makance ba tana bin ki har gida? Idan kin ga ƙaramin likita ya fara gane kusurwa a madubin goniyo da ake leƙa ta da shi, bayan ya yi wata yana ganin duhu, kina jin wani abu? Idan duka biyun a'a ne, ki tafi da zuciya ɗaya. Amma wasiƙarki ba ta yi mini kama da ta wadda ta daina tambaya ba. Ta yi kama da ta wadda ta gaji, kuma a gajiye ba a yanke irin wannan hukunci. Ki duba ko dokar aikinki ta yarda da yini ɗaya a waje, idan ta yarda ki bayyana a rubuce ki karɓa. Sau da yawa irin waɗannan asibitoci ne ke da na'urar OCT mai ɗaukar hoton jijiyar ido, da leza, abin da zai amfani marasa lafiyarki da bincikenki duka. Idan ba ta yarda ba, ki ce musu su dakata. Masu iya tirabekulektomi da kula da ita bayan aiki ba su da yawa a ko'ina, za su sake nemanki.

Ki ba kanki wata 24. Idan a ƙarshensu kina da rajista mai rai, maƙala biyu da sunanki a gaba, da rabin yininki, amma har yanzu an toshe miki hanya, to matsalar ta wurin ce, sai ki nemi wata jami'a ko ki karɓi tayin, kuma ki tabbatar tun yanzu an rubuta a takardar kwamitin ɗa'a cewa ke ce jagorar aikin, don kada ki tashi a ce bayanan ba naki ba ne.

Mutumin nan da ya ce bai ga canji ba, ki sa a nemo fayil ɗinsa. Idan akwai lamba, ki kira shi da kanki. Ki tambaye shi ko yana iya zuwa inda yake zuwa ba ɗan jagora, ki gaya masa abin da aikin ya yi da abin da ba zai taɓa yi ba, ki ce ya zo a auna matsin, ya taho da 'yan'uwansa na jini da 'ya'yansa manya, don su ma suna cikin haɗari fiye da sauran mutane. Shi ne lamba ta ɗaya a rajistar. Bayan wata shida ki rubuto mini ki gaya mini lamba nawa kika kai, da nawa suka ɗaga waya.

Allah ya yi miki albarka, ya raya yaran.

Mama Farfesa